Mi ya sa abu kaɗan ke hasala Yaya haka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in taƙaita tambayarka saboda sauran masu karatu su san inda muka dosa. Ka ce tun kana yaro kake zaune shagon yayanka a babbar kasuwar Maradi, shi ya riƙe ka, shi ya yi maka aure, amma abu ƙanƙani ke birkita shi. Direba ya makara da kaya daga Ɗan Isa, ko ya kira ka ba ka ɗauka ba kana salla, ko mai saye ya taya kaya ya wuce shagon maƙwabci, sai zagi da jifa da duk abin da ke hannunsa da gorin abin da ya yi maka, kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa jin ya ce laifinsa ne ba. Wani ya ce maka wanga hali shi ne likitoci ke kira narsisizim, wato cutar ganin kai, shi ne kake tambaya mi ya sa ba ya iya jure ko ɗan jinkiri, kuma da gaske ya yarda da abubuwan da yake faɗa in ya yi fushi ko da gangan yake yi maka sharri.

Da farko dai ba zan ce maka yayanka na da wannan cuta ba, don ba a yanke wa mutum irin wanga hukunci daga saƙon waya, sai an zauna da shi an ji tarihinsa tun ƙuruciya. Littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ake kira DSM, ya shigar da ita cikin jerin cututtukan hali a 1980, bugunsa na yanzu ya kawo alamomi 9, ya ce sai mutum ya haɗa aƙalla 5, kuma su zamo tare da shi tun farkon girmansa, a gida da kasuwa da ko'ina, suna ɓata masa zama da mutane. Cikinsu akwai ganin kai ya fi kowa, da ƙishirwar yabo, da jin cewa dole a yi masa abin da ba a yi wa kowa, da amfani da mutane, da rashin jin zafin wani, da zaton kowa hassadarsa yake. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya samu kusan kashi 6 cikin 100 na manya sun taɓa cika sharuɗɗan, maza sun fi mata, amma lissafin can ne ba na Maradi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022 ta daina raba cututtukan hali suna-suna irin na da, yanzu tsanani take aunawa, mai sauƙi ne ko matsakaici ko mai tsanani. Ina faɗin wannan ne don yanzu a TikTok da Facebook duk wanda ya ɓata wa wani rai sai a liƙa masa sunan, kuma wallahi abin na damuna don yana raba zumunci a banza. Amma halin da ka kwatanta sananne ne, ko ya kai cuta ko bai kai ba, kuma yadda yake aiki a cikin kan mutum an daɗe da gane shi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Albert Ellis, tun 1955 ya kafa hanyar jinyarsa kan magana ɗaya: ba abin da ya faru ke kawo fushi kai tsaye ba, tsakanin abin da fushin akwai wata magana da mutum ke gaya wa kansa cikin ƙiftawar ido, sau da yawa bai ma san ya faɗe ta ba. Ɗauki ƴan kasuwa biyu da motar kayansu ta kwana a duwan. Na farko ya ce kai abin bai yi daɗi ba, na so kayan su iso yau, sai ya ɗauki waya ya ba masu jira haƙuri, ransa a ɓace amma yana aikinsa. Na biyu abin da ya faɗa a ransa shi ne dole kayana su iso yau, bai kamata a yi mini haka ba, wannan ba abin jurewa ba ne. Ellis ya ce matsalar na cikin kalmomin nan biyu, dole da ba zan iya jurewa ba, don mai cewa na so yana da wurin ajiye rashin samu, mai cewa dole ba shi da shi, duk jinkiri a wurinsa karya doka ne, kuma in an karya doka ai sai an nemo mai laifi.

To wannan ƙarancin juriya mutane da yawa na da shi ba tare da girman kai ba. Abin da ya bambanta irin su yayanka shi ne akwai wata magana ta uku a ƙarƙashi, wato ni ba kamar kowa ba ne. Aaron Beck, likitan da ya kafa jinyar gyaran tunani a shekarun 1960, shi da abokan aikinsa sun fitar da littafi kan cututtukan hali a 1990, suka nuna cewa mai wanga hali yana tafe da wasu aƙidu game da kansa da ba ya tuhumarsu: ni na musamman ne, dokar da ta hau kowa ba ta hau ni ba, wanda bai girmama ni yadda na cancanta ba ya ci a hukunta shi. In ka ɗora waɗannan kan motar da ta makara sai ka ga jinkirin ya tashi daga jinkiri ya koma raini. Layin banki raini ne, wayar da ba a ɗauka ba raini ne, abincin da ya huce raini ne, mai sayen da ya wuce shagon maƙwabci ya ci masa mutunci gaban kasuwa. Kai kana auna abin da girmansa, minti goma ne, jika biyu ce, shi kuma yana auna shi da darajarsa, shi ya sa in ka ce Yaya ai abin bai kai haka ba sai wutar ta ƙara tashi, don a kunnensa cewa ka yi darajar tasa ce ba ta kai ba.

Daga nan sauran karkacewar tunanin ke biyowa, kuma na tabbata za ka gane su don kana jin su kullum. Yana karanta zuciyar mutane kuma kullum mugun nufi yake karantowa, ba ka ɗauki waya ba don ka fara jin kanka ne, ba don kana salla ba, direba da gangan ya yi, matarsa da gangan ta yi, a duniyarsa babu kuskure babu mantuwa babu tayar da ta fashe a hanyar Jibiya. Sannan ba shi da tsaka-tsaki, ranar Litinin kai ne ƙanensa da babu kamarsa a duk Maradi yana nuna ka ga baƙi, ranar Laraba kai butulu ne da ba ka taɓa tsinana masa komi ba, kuma duka biyun da gaske yake faɗa, don ba ya iya riƙe hoto biyu na mutum ɗaya a lokaci guda, cewa wanga yaro na ƙaunata kuma yau ya yi mini kuskure. Ka saurari yawan kullum da ko sau ɗaya a bakinsa. Akwai kuma mayar da ji ya zama hujja, na ji an raina ni saboda haka an raina ni, babu buƙatar shaida.

Wadda ta fi yi wa kasuwanci illa ita ce rabon riba da asara. In an ci riba basirarsa ce, in an faɗi sakacinku ne, ko hassadar ƴan layi, ko baki, ko wani ya yi masa asiri. Ban ce babu hassada a duniya ba, akwai ta, muna neman tsari da ita safe da yamma. Amma in ita ce amsar kowace asara, to mutum ya rufe wa kansa ƙofar koyo, ba zai taɓa zama ya ce na sayi kaya da tsada ko na ba da bashi ga wanda bai dace ba, shekara ta zagayo ya maimaita, ya ƙara samun wani maƙiyin.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda na ga ita ta fi ci maka rai. E, mafi yawan lokaci ya yarda da abin da yake faɗa a sa'ar da yake faɗarsa, har tunawarsa da abin da ya faru takan gyaru ta dace da yadda yake ganin kansa, shi ya sa bayan kwana biyu zai rantse bai jefe ka da kwano ba ko ya ce kai ka fara ɗaga murya, kai kuma ka koma kana shakkar kanka. Amma kar wannan ya sa ka ce ashe ba shi da iko da kansa. Ka duba da kyau, ya taɓa yin irin wanga ihu gaban Alhajin da ke ba shi kaya bashi daga Kano? Ya taɓa jifan jami'in duwan? In amsar a'a ce, to birki na nan, yana taka shi inda ya san za a yi masa tsada, yana sake shi a kan wanda ba ya iya ramawa, kai da matarsa da ƴaƴansa da yaran shago. Tunaninsa ya karkace da gaske, kuma duk da haka alhakin zagin da jifan na kansa.

Abin da mutane ba su cika gani ba shi ne abin da ke ƙarƙashin fushin, wato kunya. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Heinz Kohut ya yi rubutu a kai a 1972, ya bayyana wani irin fushi da ke tasowa in aka taɓa hoton da mutum ya gina wa kansa, fushi mai neman ramuwa wanda ba ya daidai da girman laifin kuma ba ya saurin hucewa. Mutumin da ya natsu da kansa in ka ce ka yi kuskure a lissafin nan zai ji ba daɗi ya duba, shi kuwa wanga kuskure ɗaya na nufin duk ginin ya rushe, in ban fi kowa ba to ni ba komi ba ne, kuma wannan jin ba ya iya zama da shi ko na minti ɗaya, sai ya juya shi waje ya zama laifin wani. A 1998 wasu masu bincike biyu, Bushman da Baumeister, sun gwada abin da ɗalibai a Amurka, aka sa su rubuta ɗan rubutu, wasu aka yaba musu wasu aka kushe musu shi ƙwarai, sannan aka ba su damar sakar wa wanda ya duba rubutun ƙara mai tsanani a kunne. Waɗanda suka fi ganin kansu su suka fi tsananta ƙarar, kuma a kan wanda ya kushe su. A 2021 an tattara bincike 437 da ya shafi mutane sama da 123,000, aka samu alaƙar nan tsakanin ganin kai da cutar da mutane a maza da mata da ƙasashe daban-daban, kuma tana ƙara ƙarfi in an tsokani mutum. Kuma ba duka ke ihu ba fa. Akwai mai shiru, wanda in an taɓa shi sai ya ɗauke wuta, gaba ta sati, ya ƙi cin abincin gida, kowa na lallaɓawa, shi ne wanda aka zalunta kullum. Tushen ɗaya ne.

Daga ina yake zuwa? Akwai abin da ake gada a jini, akwai na tarbiyya. Wani bincike a Holan da aka buga a 2015 ya bi yara 565 da iyayensu, ya samu cewa yaran da iyaye ke ɗauka sun fi sauran yara kuma sun cancanci abin da ba a ba kowa, su ne ganin kai ke ƙaruwa gare su, amma yaran da aka nuna wa ƙauna da kulawa kawai sai suka tashi da natsuwa da kansu ba tare da raina wasu ba. Wannan bambancin ina so iyaye su riƙe shi, ina ƙaunarka daban, ka fi su daban. Mu nan mun san ɗan fari namiji da aka daɗe ana jira, mun san shalelen kaka da in ya yi kuka sai a ƙwace abin hannun ƙanwarsa a ba shi. Wasu kuma ta ɗaya hanyar suka biyo, an tashe su da duka da kunyatawa ba a ganinsu sai sun yi abin yabo, sai suka gina wa kansu sulke.

Sai wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, don a nan ne ku kuke da hannu. Juriya aba ce da ake samu ta hanyar haɗuwa da abin da ba a so a ga an wuce shi ba a mutu ba. Ƙafar manomin da ta saba da gona tana taka ƙarangiya ta wuce, wadda ba ta taɓa fita takalmi ba tsakuwa ɗaya sai ta sa ta ɗingishi. Gidajenmu da kyakkyawar niyya muke share wa irin wanga mutum hanya, a ɓoye masa labarin asara, a kori yara ɗaka in an ji ƙarar motarsa, in ya yi zagi wanda aka zaga shi ake cewa je ka ba shi haƙuri ai halinsa ne ai babba ne. Duk ranar da ya yi ihu kowa ya ruga aka yi abin da yake so, ya koyi darasi biyu, cewa jira ba nasa ba ne, kuma ihu na biya. Ni ina ganin haƙuri na daga mafi kyawun abin da muka gada, amma haƙurin da Musulunci ya yaba ba shi ne a mayar da mutum ɗaya wanda ba a gaya wa gaskiya ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, ka ga abu biyun da muke ta magana a kansu ke nan tun ɗazu.

Kafin ka tafi da wannan bayani, tambayi kanka ko haka yake tun yana saurayi ko cikin ƴan shekarun nan ya canza. In sabon abu ne to a nemi wani dalili, tramol da sauran ƙwayoyi na kawo irin wanga saurin fushi, haka rashin barci, da ciwon damuwa wanda a maza sau da yawa da faɗa yake fitowa ba da kuka ba, da cutar da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da kashe kuɗi da jin ya fi kowa sannan ya faɗi warwas, da buguwar kai a haɗarin moto. Ƴan kasuwa da yawa kuma rufe iyaka da Najeriya daga 2023 zuwa 2024 ya girgiza su. Waɗannan duka aikin likita ne kuma wasunsu na da magani mai aiki sosai.

In kuwa halinsa ne na tun fil azal, to ka daina neman fahimtar da shi a tsakiyar fushi, a lokacin ba ya jin hujja, duk bayanin da ka kawo sabon raini ne. Magana gajera cikin ladabi, Yaya na ji, zan duba maganar kayan, amma ba zan tsaya ana zagina ba, in ka huce ina mangaza, sai ka tafi da gaske ba gudu ba ba tsaki ba, kuma ka yi hakan kowane lokaci ba yau e gobe a'a ba. Ka sa ran farko abin zai ƙaru kafin ya ragu, don zai gwada ko ihun da ya saba biya zai biya in an ƙara shi. In ya huce ka same shi ku biyu, ba gaban yaran shago ba, ka yi magana kan abu ɗaya da ya faru rana ɗaya, kar ka ce kullum haka kake don ka shiga irin tunaninsa ke nan. Alherin da ya yi maka gaskiya ne, ka faɗe shi ba don lallashi ba, amma riƙo da aure ba su sayi mutuncinka ba. Kuɗi da kaya da bashi komi ya shiga littafi da kwanan wata, saboda ranar da tunawarsa ta gyaru. Kuma don Allah kar ka je ka ce masa likita ya ce kana da narsisizim, ba abin da zai haifar sai sabuwar gaba. In akwai kawu ko malamin da yake jin nauyi, a keɓe za a yi masa nasiha, kuma ta fi shiga in an biyo ta inda yake so a gan shi, wato ƙarfi, ai Annabi (SAW) ya ce ba mai kayar da mutane a kokowa ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ka kuma fara tara ɗan jarinka a hankali, don mutumin da cinsa da shansa da hayar ɗakinsa duka ke hannun mai zaginsa da wuya ya iya cewa a'a.

Ka ambaci jifa. In abin ya kai ga duka, kai ko matarsa ko yara, wannan ya wuce a ce a yi haƙuri, a sanar da manyan dangi nan take, matar ta samu inda za ta fake, in ya ci gaba a kai ga hukuma.

Game da warkewa, babu ƙwayar da ke cire wanga hali. Jinyarsa ta zama ce da magana da masanin halayya, ana koya wa mutum ya kama maganar nan ta dole kafin ta zama ihu, ya tambayi kansa mi ne ne shaidata cewa da gangan aka yi, ya riƙa jure ƙananan jinkiri da niyya har ya saba, kuma tana ɗaukar watanni zuwa shekaru, da yawa kuma na barin ta a tsakiya da zarar an taɓa inda ke ciwo. Bincike ya nuna halin kan ɗan lafa da shekaru amma kaɗan-kaɗan, kar ka gina rayuwarka kan jiran hakan. Yawanci ba sa zuwa wurin likita da kansu sai wani abu ya rushe, karayar arziki ko mutuwar aure ko abin kunya a bainar jama'a, kuma wannan lokacin ne mafi haɗari gare su, don mutumin da duk rayuwarsa ke kan na fi kowa in ya faɗi yakan faɗi da nisa. In wata rana ka ga Yaya ya yi shiru irin wanda ba ka saba gani ba, ya daina fitowa kasuwa, yana cewa rayuwarsa ba ta da amfani ko gara ya mutu, kar ka ɗauka wani salon gaba ne, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa ke kai, a kai shi asibiti ranar a nemi ɓangaren masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa.